Ɗinkin Ƙwarya a Jikin Littafi

Ko da zan manta duk darasin da na ɗauka a kwalejin horar da malamai, ranar da mahaifina ya ɗinka mini littafin zane ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ina shekarar farko a sashen zane-zane a Bici lokacin. Malaminmu ya ce kowa ya haɗo littafin zanensa da hannunsa kafin a dawo hutu, ba ya son na kanti. Sau ɗaya ya nuna mana a gaban aji. Ni kuwa ina can baya, abin da na gani kawai ya ninka takardu, sauran duk ƙeyar mutane ce. Haka na tattaro takarduna na nufi ƙauyenmu da ke gefen Kunci.

Babana gyartai ne, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. A da, ranar kasuwa ko ruwa ba ya samun sararin sha. Da robobi suka cika gari sai aka daina kawo masa aiki, ya koma wuni a gindin darbejiyar ƙofar gida, maganarsa ta ragu. Abin yana cin raina, don na san shi da barkwanci.

Wata safiya ya same ni ina fama da takardun, allura ta soke ni ina tsotsar yatsa.

"Uwata, me takarda ta yi miki?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Da na yi masa bayani sai ya ce, "Ɗinki? A gidan nan ake neman mai ɗinki?"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko jakar kayan aikinsa, ya wasa basilla a dutse. Rabon da in ga sauri a tafiyarsa har na manta. Ya kore ni in je in taya Inna surfe, wai mai aiki ba ya son 'yan kallo.

Bayan la'asar ya kira mu. Ya jera takardun tsakanin kwali biyu, ya huda gefensu kusa da kusa, ya ja zare ya matse tamau, yadda ake wa ƙwarya don kada ta yi yoyo. Ɗinkin ya jeru kamar ƙwayar masara. Na karɓa zan buɗe, littafi ya ƙi. Na ɗan sa ƙarfi, sai shafin farko ya bi layin hujin ya yage.

Inna tana bayansa tana ta ƙifta mini ido. Sai na ce, "Baba, ya yi kyau."

Ya karɓa ya gwada da kansa, shafi na biyu ya biyo hannunsa. Sannan ya ce, "Uwata, in ƙwarya ta yi yoyo, mai ita dawo mini da ita take yi, har da faɗa. Ba a taɓa ce mini aiki ya yi kyau don tausayi ba."

Ya fara mayar da kayansa cikin jaka a hankali. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san in jakar nan ta rufu, ba zai sake buɗe ta ba.

Na ce, "To Baba, bai yi ba. Ka matse shi da yawa. Ƙwarya ake so ta riƙe, shi littafi buɗewa ake so ya yi."

Ya tsaya cak. Can sai ya yi dariya, irin tasa ta da. "Yanzu kika yi magana. Miƙo reza."

Muka farke ɗinkin, muka yanke gefen da ya lalace. Na nuna masa ninkin da na hango a aji, shi kuma ya juya takardar ya gano cewa a cikin ninkin ya kamata zare ya bi, huji kaɗan kuma nesa da juna. Ya koya mini goga wa zare kakin zuma da riƙon basilla. Hannunsa kuwa ya saba, da ya ja sai ya matse, ni kuma in ce, "Baba, sassauta." Inna tana tankaɗe tana tsokanarsa, wai lallai gemu ba ya hana ilimi. Daga baya ya miƙo mini basillar, na ƙarasa da hannuna, muka lulluɓe bangon da ƙyallen atamfarta.

Littafin ya fito ƙarami, gefensa ma a ɗan karkace. Amma da muka ajiye shi a tabarma ya buɗe ya kwanta shimfiɗe. Baba ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa. Sai ya ce in tambayo masa ko akwai 'yan ajinmu da nasu ya gagara.

Yanzu ni ma ina koyar da zane, kuma abin da na koya a ranar ya wuce ɗinki. Mai sana'a, komai tsufansa, ba a lallashinsa da yabon ƙarya. In kana ganin girmansa, faɗa masa inda aikin ya ɓaci, ka bar masa basillarsa ya gyara.