Zoben da Na Sa wa Wayar Alhaji

Batura huɗu ne manya na sola, sai kuma sunana a kasuwa. Su ne suka kusa kuɓuce mini ranar da wani Alhaji mazaunin Hanwa, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya tako har shagona a Tudun Wada ya ce in je in kwashe kayana. Wata uku ke nan da na haɗa masa su. Ya ce kullum kafin a idar da sallar asuba wuta ta ɗauke.

"Malam, ko dai tsofaffi aka goge aka sayar maka?" in ji shi, a gaban mutane.

Ban yi musu ba. Na san kayana, amma ba ni da abin nunawa. Na roƙe shi kwana uku.

Ni da gyaran rediyo na fara, kuma har yau akwai teburi a ƙuryar shago inda nake wasa da dalma da wayoyi idan ciniki ya lafa. A nan na saba da wani ɗan zobe mai auna yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Zura wayar kawai ake yi ta tsakiyarsa. Na haɗa shi da ƙaramin allo da agogo da katin memori, yadda kowane minti zai rubuta abin da ake ja, na rufe su a robar man shafawa.

A gidan Alhaji na fara da shirme. Wayoyin batir biyu na zura tare a zoben, mai kaiwa da mai dawowa, sai allon ya nuna sifili, don ɗaya na soke lissafin ɗaya.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Ashe gidana ba a shan wuta ko kaɗan. To, madalla."

Na zare waya ɗaya, allon ya fara ƙirga.

Washegari na karanta katin. Tun daga isha'i abin da ake ja kaɗan ne, fanka da fitilu da firji. Ƙarfe biyar saura kwata sai ya yi tsalle ya ninka sau da yawa, bai sauka ba har wuta ta ɗauke. Kwana na biyu ma haka, daidai wannan lokacin.

Na tambayi Alhaji wa ke riga kowa tashi a gidan. Ya ce mahaifiyarsa. Aka yi mini iso na shiga gaishe ta. A bayan ƙofa ga bokiti, ga hitar dafa ruwa rataye a ƙusa.

"Ɗan nan, kai ne mai wutar?" in ji ta. "Ku taimaka ku gyara. Ruwan alwalata ko gama ɗumi ba ya yi take ɗaukewa."

Na ce, "In sha Allahu, Inna."

Ba a nuna laifin uwa a tsakar gidan ɗanta. Sai da muka fito gefen motarsa na ce, "Ranka ya daɗe, baturanka lafiyarsu lau. Ruwan alwalar Inna suke dafawa."

Ya duba lissafin da na nuna masa, sannan ya yi 'yar dariya. "Kada ta ji. Ruwan sanyi za ta koma, ga ciwon gwiwa."

Na ce a riƙa dafa ruwan da azahar, lokacin da rana ke ba da wuta har ta yi yawa, a juye a babban fulas ya kwana. Fulas ɗin ni na saya na kai mata, na ce tsaraba ce.

Na yi asarar fulas ɗaya da safiya uku ta shago. Zoben ma Alhaji ya ce a bar masa, yana son dubawa. Haƙurin da ya ba ni a gefen mota ne, mu biyu, waɗanda suka ji zargin ba su ji shi ba. Amma baturan huɗu ba su dawo shagona ba, kuma kafin azumi maƙwabtansa biyu sun zo saye, suka ce shi ya turo su.