Ma'u Ba-Ɗigo da Kunkurun Hajiya Delu

A Gusau, in ka ce Mu'azu mai gyaran famfo, sai a tambaye ka wanne daga ciki. In kuwa ka ce Ma'u Ba-Ɗigo, ko ɗan kabu-kabu zai kai ka gindin darbejiyar da yake jingine mashin ɗinsa, kusa da masu sayar da bututu. Mutumin Karakkai ne, iyalinsa kuma suna Bungudu. Kullum da safe yake shigowa birni, la'asar sakaliya ya koma.

Bai yi boko ba, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa sana'a. A fadama ya tashi wajen noman rani, da injin ban-ruwan mahaifinsa wanda ya tsufa har ba ya tashi sai da lallashi. Can ya koyi dabaru biyu da suka ciyar da shi shekara talatin: in bakin bututu ya yi kaɗan, a gasa shi a wuta ya buɗe; in ya yi yawa, a naɗe da robar tayar mashin a ɗaure tam. Kuma gaskiya ɗaurinsa ba ya ɗiga, shi ya sa sunan ya bi shi. Aibinsa ɗaya ne, ni kuma ba zan rufa masa ba tunda shi ma yanzu ba ya rufawa: Ma'u ba ya iya cewa "ban sani ba". Duk kayan da ya zo da takarda, sai ya ninke ta ya tura gefe, wai takarda ta malalata ce. Ashe tsoro yake kada a ce ya karanta.

Ana saura kwana huɗu Sallah ƙarama, Hajiya Delu ta aika aka kira shi. Tana da wurin wasan yara a bayan gidanta, da lilo da 'yan motoci, a bana kuma ta ƙara da kwamin ninkaya. Ba irin na haƙawa ba ne, tamfol ne mai kauri da aka ɗaure a jikin ƙarafa, yana zaune bisa ƙasa, zurfinsa zuwa ƙugun babban mutum. An riga an cika shi da ruwan tanka. Abin da ya rage shi ne wata na'ura da ƙanenta Yusha'u, direba mazaunin Tsafe, ya sayo mata a Kano. Ana sa ta a ruwa, ta riƙa rarrafe a ƙasan kwamin tana zuƙe datti da kanta. Jikokin Hajiya suna ganinta suka raɗa mata kunkuru.

Matsalar ita ce tiyon kunkurun bai yi daidai da bakin da ke jikin kwamin ba. Kwamin daga wani kamfani, kunkuru daga wani. Bakin kwamin ya fi tiyon faɗi da ɗan abin da bai kai kaurin yatsa ba.

Ma'u ya zazzage kwalin. Wata 'yar leda ta faɗo, da guntayen roba uku a ciki masu kama da mazurari, ya jefa ta aljihu don kada yara su ɗauka. Takardar kuwa ya ninke ta kamar kullum. Asiya, autar Hajiya da ke karatu a kwaleji, ta tsugunna ta ɗauka.

"Baba Ma'u, ko in karanta maka? Na ga har da hotuna."

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Yarinyar ba ta nufi komai ba, amma a gaban uwarta ta faɗa.

"Ɗiyata, tun ba a haihe ki ba nike wanga aiki," ya ce yana murmushi. "Samo min ashana dai."

Ya kunna wuta da kwali, ya gasa bakin tiyon har ya yi laushi, ya tura shi kan bakin kwamin. Ya ƙi shiga. Ya sake gasawa, ya sa gwiwa ya danna da ƙarfinsa duka. Sai ya ji ƙas! Ƙaramar ƙara ce, shi kaɗai ya ji ta. Robar bakin kwamin ba irin bututun rijiyar burtsatse ba ce, ta tsage tun daga inda ta kama tamfol. Ya yi maza ya zaro robar taya ya naɗe, ya ɗaure, ya ƙara naɗewa. Ruwan bai ko kula shi ba. Kafin azahar tsakar wurin ta zama fadama, 'yan motocin yara suna tsaye cikin taɓo, ruwan kwamin ya sauka har ƙasan tsagar.

Hajiya Delu ta fito riƙe da gefen zanenta. "Malam Ma'u, mi ya hwaru?"

A nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya, kalma uku ta isa. Sai bakinsa ya riga shi.

"Hajiya, wanga kunkuru jabu na. Ba a yi shi don ya shiga ko'ina ba. Wanda yas sayo shi dai ya san abin da yas sayo."

Ba ta yi musu ba, don wa zai yi wa Ba-Ɗigo musu a kan bututu? Nan take, a gabansa, ta kira Yusha'u a waya. Ma'u yana tattara kayan aikinsa yana jin ta tana cewa ta ba shi amana ya ci, ya sayo mata tarkace, kada ya sake tako mata gida da sunan gaisuwar Sallah. Ya hau mashin ya tafi ba tare da ya waiwaya ba.

Washegari matarsa Sadiya za ta wanke masa riga, ta lalubo ledar nan. Ta kawo masa da magariba yana buɗa-baki.

"Malam, waɗanga mazuraran na mine ne? In ba su da aiki in riƙa ɗura man gyaɗa da su."

Ya karɓi ɗaya ya juya. Baki ɗaya mai faɗi, ɗaya matsattse, ga zoben baƙar roba a ciki. Bai buƙaci takarda ba. Idon da ya shekara talatin yana auna bututu ya gaya masa cewa faffaɗan na kwami ne, matsattsen na tiyo. Masu kunkurun sun san bakuna sukan saɓa, sun sako mahaɗi har kala uku, shi kuma ya yini da su a aljihu yana gasa kayan mutane. Kunya ta rufe shi. Ya gaya wa Sadiya komai. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "To, shi bawan Allahn da anka zaga hwa?"

Ya kwana biyu yana kai-kawo da zuciyarsa. Ranar jajibere ya wuce Gusau bai tsaya gindin darbejiya ba, ya miƙe sai Tsafe. A tasha aka nuna masa Yusha'u, wani siriri mai furfura a gemu, yana goge gilashin motarsa. Da jin sunan baƙon sai mutumin ya saki tsumma ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kai ne Ba-Ɗigo? Wallahi ka gahwarce ni, na sa ka wahala. Ni ban san kayan ga ba, cuta ta anka yi. Jiya na koma Kano na yi ma mai shagon tas, yana ta rantsuwa kaya nai na da kyau. Nic ce mai, Ma'u Ba-Ɗigo da bakinai yac ce jabu na, kai wa za ka gaya ma?"

Ma'u ya zo da shirin a zage shi, sai ya tarar mutumin ya yarda da ƙaryar fiye da yadda ya yarda da kansa, har ya kai ta Kano ya sauke wa wani. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro ledar, ya ɗora a tafin Yusha'u.

"Kayanka na da kyau. Ni na hwasa kwamin. Ban san aikin ba, kuma ban iya karatu ba."

Tare suka zo gidan Hajiya a motar Yusha'u, Ma'u ya maimaita maganar a gaban Hajiya da Asiya, idonsa a ƙasa. Yara ba su yi ninkaya da Sallar nan ba. Sai bayan mako guda sabon baki ya iso daga Kano, Asiya tana karantawa, Ma'u yana bi, mahaɗin ya zauna ba wuta ba roba, kunkuru ya kama rarrafe.

Har yau yana gindin darbejiyarsa, kuma har yau Ba-Ɗigo ake kiransa, sai dai ba ya amsawa da sauri kamar da. Ya taɓa roƙon Yusha'u ya ba shi lambar mai shagon nan na Kano. Yusha'u ya ce ya goge ta tun ranar da ya zage shi, kuma shi kunya ba za ta bar shi ya sake bi ta layin ba.