Wayfay a Tukunyar Gishiri

A Bukan Sidi, in ka ce Inna Sabuwa wasu sai sun yi tunani, amma in ka ce Mai Gishiri kowa zai nuna maka gidan, mai bishiyar mangwaro a ƙofa. Ta daina sana'ar da daɗewa, sunan ne ya ƙi barinta. A Keana aka haife ta. Tun ba ta kai ɗaukar tulu ba take bin mahaifiyarta kankaro ƙasar gishiri, a zuba a tukwane masu huji a gindi, a kwarara ruwa a kai, a zauna jiran ya tsatso. Aure ne ya kawo ta Lafia, gidan Malam Ya'akubu tela, Allah Ya jiƙansa. Cikin kayan da ta zo da su har da tukunyar tace gishiri ɗaya ta ƙasa, wadda ta yi shekara arba'in a kife a bayan ɗaki.

Ba a sa ta boko ba, allo ma ba ta daɗe a kai ba. Sai bayan ta fita takaba, tana da shekara sittin da ɗaya, ta ɗauki hijabinta ta tafi Islamiyyar matan aure ta zauna a layin baya. Malama Sakinatu ce ta fara mata daga baƙi, kuma ko sau ɗaya ba ta yi mata dariya ba, duk da harshen Inna yana karkata wajen wasu haruffan. Shekara bakwai suna tare. Saura izu ɗaya ta sauke aka yi wa mijin Malama canjin wurin aiki zuwa Minna.

Makarantar ta ce duk wadda malamarta ba ta shaida ta biya karatu har ƙarshe ba, sunanta ba zai shiga walimar saukar bana ba. An ce wa Inna ta koma wajen wata malamar, ta ce a'a, wadda ta ɗora ta ita za ta sauke ta.

Shi ya sa 'yarta Rahmat, da ta zo ganin gida daga Kaduna, ta kawo mata kwamfutar hannu mai faɗin faranti, da wata 'yar na'ura fara kamar sabulun wanka, wai ita ce wayfay. Ta haɗa su, ta nuna mata inda za ta taɓa fuskar Malama ta fito. Har maƙwabciyarsu Hembadoon, 'yar Tibi mai sayar da doya da ke haya a ɗakin ƙofa, Rahmat ta haɗa mata wayarta don ta riƙa leƙa tsohuwar. Ran nan aka yi karatu lafiya lau, Rahmat ta koma Kaduna da yamma.

To, Inna Sabuwa tana da wata kwalla ta ƙarfe, babba, mai murfi, a kan dirowa. Duk abin da take ji da shi can yake: zannuwan fita, turaren wuta, takardar gidan nan, tabaran marigayi. Abin da 'yarta ta kawo mata tun daga Kaduna kuwa ba za ta bar shi a fili ɓera ya bi ta kai ba. Ta yi masa caji, ta kunna yadda aka nuna mata, ta naɗe shi a ɗankwali, ta sa a kwalla ta danne murfi. Sai cikin dare, kowa ya yi barci, take ciro shi ta ƙara masa caji ta mayar.

Washegari ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma, ta taɓa hoton Malama. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a kan gilashin, ya yi ta juyawa. Ranar Talata ma haka, Laraba ma haka.

Ran Alhamis babban ɗanta Muhyiddin ya biyo daga wurin aiki, ko hularsa bai cire ba. Inna ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, Baban Ameer take ce masa. Ya karɓi kwamfutar yana tsaye.

"Wayfay ɗin a kunne yake, Inna?"

"A kunne yake, yana adane."

Bai tambayi inda aka adana ba. Ya yi ta latse-latse, ya goge haɗin da Rahmat ta yi don ya sake sabo, ya nemi sunan wayfay ɗin bai gani ba, sai ya ja tsaki ƙasa-ƙasa.

"Inna, kin taɓa wani wuri ne. Dama na faɗa wa Rahmat abin nan ba na tsofaffi ba ne. Ran Asabar zan zo in ɗauke su duka, yara su yi aikin makaranta da su. Sauka kuma in ba a yi bana ba a yi baɗi."

"Kai ka ba ni baɗin?"

Ya yi dariya, ya ce Allah Ya kai mu, ya fita. Ta bi shi da kallo har ya tayar da babur. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ya yanke hukunci bai ko nemi ganin na'urar da idonsa ba. A Keana, in tukunya ta ƙi tsatsowa, ba a zagin ƙasa sai an ɗaga tukunyar an duba gindinta.

Ran Juma'a da hantsi Hembadoon ta shigo gaishe ta, ta zauna a bakin gado tana ƙorafin netwok, wai tun Lahadi wayarta ta mutu murus a gidan nan. Inna ta miƙe ɗauko zanen da za ta ɗaura, ta ɗaga murfin kwalla ta ajiye gefe. Tana cikin zaɓen zane sai wayar Hembadoon ta hau ƙara, ƙyan, ƙyan, ƙyan, saƙonni suna shigowa a jere.

"Ah ah! Mama, netwok ya dawo fa!"

Inna ta tsaya da zanen a hannu. Ta dubi wayar, ta dubi kwallar. Ta mayar da murfi ta danne.

"'Yata, duba min, yana nan?"

Hembadoon ta ɗan jira. "Ya tafi kuma. Wannan abu na da iskanci."

Inna ta buɗe. Suka jira. Ya dawo. Ta rufe, ya tafi. Sai da ta yi haka sau uku, don ba ta yarda da abin da ya faru sau ɗaya kawai. Sannan ta zura hannu ta ciro ɗankwalin, ta warware, ga na'urar nan ta yi zafi kamar dankalin da aka ciro daga toka.

Hembadoon ta dafe kai ta fashe da dariya har da hawaye. "Mama! Ka sa wayfay a kwalla? Kamar kayan aure? Abeg, kada ka kashe ni yau!"

"Yi dariyarki ki gama, ni ce na rufe shi, ni ce kuma na gano. Yanzu nuna min yadda ake haɗawa."

Hembadoon ta miƙa hannu za ta karɓi kwamfutar, Inna ta janye.

"Da baki za ki nuna min. In kin yi min yau, gobe kina kasuwa wa zai yi min?"

Haka aka yi. Hembadoon ta ce ta ja yatsa daga sama, ta taɓa alamar nan mai kama da mafici. Sunaye suka fito guda huɗu, na maƙwabta uku da nata. Hembadoon ta ɓalle murfin bayan na'urar ta nuna mata inda aka rubuta sunan da fasuwod, wato kalmar sirri, baƙaƙe da lambobi goma ƙanana kamar ƙwayar gero. Inna ta ɗauko tabaran marigayi ta sa. Ba ta san sunan ko harafi ɗaya ba, amma idon da ya saba tsince tsakuwa a gishiri ba ya rasa kama. Ta riƙa ba su suna da kanta: wannan mai ƙugiya, wannan mai ciki biyu, wannan sanda. Sai ta nemo mai kama da shi a gilashin.

Sai kuma gilashin ya ƙi jin yatsanta. Shekarun ruwan gishiri da wutar murhu sun mayar da fatar kamar ƙirgi, ta danna, shiru. Ta gwada na tsakiya, shiru. Ta dubi hannun nata na ɗan lokaci, sannan ta lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsa ta taɓa da gefensa, inda fata ta rage laushi. Harafin ya fito.

Karon farko ta tsallake ɗaya, abin ya ƙi. Karo na biyu ta ɗauki wani mai zagaye a madadin ɗan'uwansa, ya sake ƙi. Hembadoon ta ce doyarta na rana, a bari ta sa mata a wuce wurin.

"Je ki wajen doyarki. Ni ina nan."

Hembadoon ba ta tafi ba. A karo na uku Inna ta yi bisimilla a kan kowane harafi, ta danna na goma, maficin nan ya cika fal.

Saura inda za a ajiye. Kwalla dai ta fita, fili kuma ba ta yarda da shi ba. Ta zaga bayan ɗaki ta ɗago tsohuwar tukunyar Keana, ta kakkaɓe yanar gizo, ta wanke, ta shanya. Da ta bushe ta ɗora ta a kan dirowa, ta sa na'urar ciki, ta zuro igiyar caji ta hujin gindin, ta rufe bakin da faifai. Ta koma dardumarta ta duba. Maficin bai ragu ba.

Ran Asabar Muhyiddin ya zo da jakar leda a hannu. Tun daga zaure ya jiyo muryar mahaifiyarsa tana jan aya a hankali, wata muryar kuma daga nesa tana gyara mata. Ya yi sallama, Inna ta amsa da ɗaga hannu, ba ta katse ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har ta kai aya, Malama ta ce madalla, saura shafi huɗu, in Allah Ya yarda Laraba za ta aika sunanta makaranta.

"Wa ya gyara, Inna?"

"Wadda ta ɓata."

Ya waiwaya yana neman na'urar, ya ga igiya ta fito daga gindin tukunya. Ya buɗe baki zai yi magana.

"Baban Ameer, kada ka taɓa min tukunya. Ledar nan kuma tunda ka zo da ita, Hembadoon ta ajiye maka doya biyu, ka kai wa yaran. Ka gaya musu ranar walima su zo da wuri, ba na son a tsaya a baya."

Ta gyara tabarau, ta lanƙwasa ɗan yatsanta, ta ce wa Malama su ƙara rabin shafi tun da sauran caji.