Hannun Mai Tsaron Raga

A bencin asibiti, inda ake jiran likita, wani mutum yana zaune shi kaɗai, don warin giya ya kore masa maƙwabta. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa biyu a karkace, hannuwan sai rawa suke yi a kan gwiwa. Wani tsohon tela yana kallonsa, yana laluben inda ya san fuskar nan.

Sai kwalbar magani ta suɓuce wa wata mata. Kafin kwalbar ta kai ƙasa, mutumin ya cafe ta, ya miƙa mata, kansa a sunkuye. Nan tela ya gane shi: mai tsaron raga ne, wanda a da ake ɗagawa sama bayan wasa. Wataƙila da tafin 'yan kallo ya ɗauke, shirun gida ne ya fi ƙarfinsa.

Mutumin yana ta satar kallon ƙofar fita, har ya fara miƙewa. Tela ya matso, ya zauna dab da shi.

"Zauna, ɗana. An kusa kiran ka."

"Baba, ka san abin da ya kawo ni kuwa?"

"Hancina ya gaya mini tun ɗazu. Amma ai da ƙafarka ka zo."

Mutumin ya koma ya zauna.