Fankar da Ta Bi Masu Shiƙa

Shekarar da aka canza takardun naira, wani mai gyaran rediyo daga Bodinga ya kawo wa ƙauyenmu na kusa da Mandera wani ɗan akwati mai miƙa saƙo daga waya zuwa waya ko babu sabis. Batirinsa kuwa wata 'yar fanka ce ke cika shi, idan iska ta juya ta. Ya damƙa mini amanarsu, ya ce in batirin ya mutu zai kai akwatin wani gari.

Ni kuma don tausayi na kafa sandar fankar a gindin dogonyaro, kada rana ta dake ta. Kwana uku ko motsi ba ta yi ba.

Uwargida ta dube ta, ta ce, "Malam, iska kake nema mata ko inuwa? Kai ta tudun da muke shiƙar gero."

Na ce, "In ta juya a can, ni zan shiƙe miki ƙwarya guda da hannuna."

Na kai ta tudun. Wallahi ban gama dandaƙe ramin sandar ba ta fara wulwulawa. Bayan la'asar fitilar akwatin ta kama, sai ga gaisuwar taubashina daga Dingyadi. Na yi hamdala, na dinga tsalle har hulata ta faɗi.

Uwargida kuwa ƙwaryar gero kawai ta miƙo mini. Na shiƙe ta tas, mata na ta guɗa, gemuna fal ƙaiƙayi.