Zafin da ya hau bene da kansa

A shekarar da China ke ta shirin wasannin Olamfik ina zaune a Guangzhou, ina saro jakunkunan mata daga Shiling ina aikawa Kano. Kafin in shiga fatauci na yi shekara shida ina aikin famfo, don haka a lokacin gani nake babu bututun da zai gagare ni a duniya. Wannan ji da kai ne ya kusa raba ni da mutumin kirki.

Mun kama gidan bene a Panyu, ni da wani dattijo mutumin Maraɗi da nake kira Baba. Shi ya tarbe ni ranar da na fara sauka ƙasar, shi ya koya mini ciniki da kalkuleta. Mai gidan ɗan arewacin China ne, ya saka tukunyar gas mai dafa ruwa, da inji mai tura ruwan cikin bututu don ɗumama ɗakuna, ƙasa da makunninta, sama ma da nata. Ina ƙasa, Baba yana sama, ɗakin ajiyar kayana yana jikin nasa, layinsu ɗaya. Da sanyin farkon shekarar ya tsananta muka kunna tukunyar, amma na roƙi Baba a bar layin sama a kashe saboda zafi na saki gam ɗin jakunkuna. Bawan Allah ya ce bargo biyu sun ishe shi.

Wata safiya na hau na tarar da ɗakin kayan kamar gidan burodi, jakunkuna sun fara ɓanɓarewa. Raina ya ɓaci matuƙa. Na tambayi Baba, ya ce bai taɓa komai ba. Na ce masa ruwa ba ya hawa bene sai an tura shi, kuma ni ba a koya mini famfo. Kwana uku ina dubawa, kullum bututun da zafi. A na huɗu na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce masa furfura ba ta hana ƙarya. Sai ya ce zai nemi ɗaki ya tashi ƙarshen mako.

Ranar Juma'a na naɗe makunnin sama da salatif, wai don in kama shi dumu-dumu. Tare muka tafi Masallacin Huaisheng, tare muka dawo. Salatif na nan yadda na bar shi, bututun kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Nan na gane ba Baba ba ne. Na kira loban, wato mai gidan, ya zo da mai gyara. Mutumin ya bi bututun da hannu har gindin tukunya, ya nuna wani wuri, ya ce meyo, ma'ana babu. Loban ya yi mini bayani da guntun Turancinsa cewa a nan akwai ɗan ƙarfe mai murfi wanda ba ya buɗewa sai injin ya turo ruwa. In babu shi, ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, da kansa yake hawa sama. Ni na cire ƙarfen nan da hannuna tun makon da muka kunna tukunyar, don ƙaf-ƙaf ɗinsa na damuna, na jona bututu ziryan. Yana cikin durowata.

Na hau na tarar Baba ya gama ɗaure akwatinsa. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun ranar, amma tunda ni gwani ne wajen kwance abin da ba a sa ni ba, sai in kwance masa akwatin in jera kayan. Ina jerawa ina share hawaye, shi yana dariya. Har yau tare muke fatauci, kuma ɗana na fari sunansa ya ci.

Na gane ƙaramin sani ƙuƙumi ne. 'Yan uwa, in abu ya lalace a gida, ku fara tambayar kanku me kuka taɓa kafin ku nuna wani da yatsa. Mai gyara ya mayar da ƙarfen cikin minti goma. Maganar da na yaɓa wa dattijon nan kuwa, ba don Allah ya haɗa ni da mai haƙuri ba, da babu mai gyara ta.