Juyen Sammani na Ƙarshe

Sammani direba taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Saboda haka tun muna yara “bawana” nake ce masa, shi kuma ya ce mini “uwar tsiya”. Da ya rasu bara, mutane suka yi ta yabon haƙurinsa. Ni ban san shi da haƙuri ba. Na san shi da taurin kai, na kuma ga ranar da ya sauke shi.

Shekara ashirin da wani abu ya yi yana jan tsohuwar a-kori-kura tsakanin gonakin Bunkure da kasuwar Kano. Da rani kwandunan tumatir da albasa, da kaka buhunan shinkafa, a samansu kuma mata masu tsinka sun ɗare da goyonsu. Motar ta fi ni tari, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba, domin Sammani bai yarda wani makanike ya yi mata juye ba. A ƙofar gidansa yake yi, ranar Juma'a da hantsi. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashinta da sifana, ya kwance noti, mataccen mai ya tsiyaye cikin daro. Ya canja filta, ya ɗaure, ya zuba sabo. Mataccen kuma ya ɗura shi a tsohon galan ya ajiye mana. Fulani su karɓa don kaskar shanu, mu kuma mu shafa wa azara saboda gara.

Wani rani, shekara biyar ke nan, matarsa Kubra ta fara yi mini ƙorafi. Wai Malam yana tuntuɓe da buta, wai ya goga motar a bakin gadar kanal ɗin noman rani har sau biyu. Ba wanda ya isa ya yi masa maganar ido. Ƙanensa Baballe ya gwada, ya sha zagi har da na kakanni.

Wata Juma'a na je karɓar rabona, gara ta kusa sauke mini ɗaki a ka. Na same shi yana goge hannu da tsumma.

“Bawana, ina kason uwargijiyarka?”

“Ga shi can, uwar tsiya. Ki shafa har a bakinki, ko ma huta.”

Ya miƙo mini galan. Na buɗe, na karkata shi cikin gwangwanina. Abin da ya zubo ba baƙi ba ne. Garau yake kamar zuma, sabo fil. Galan biyu ne iri ɗaya a gefensa. Mataccen ya mayar wa injin, yana tsaye a kansa cikin hasken rana, bai ga bambanci ba.

Dariya ta taso mini, sai ta maƙale. Gobe Asabar mata goma sha za su hau bayan motar nan, har da jikata.

Na ce, “Sammani.” Ya ɗago da sauri, don rabon da in kira sunansa tun aurensa.

“Wane launi ne wannan?” Na kai gwangwanin gaban fuskarsa.

“Baƙi mana. Yau kuma wasan me kika zo da shi?”

“Sa yatsa.”

Ya tsoma, ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Ya daɗe yana murzawa. Sai ya zauna a kan buhun.

“Tun yaushe?” na tambaye shi.

“Tun damina. Kamar hayaƙi nake gani. Hanyar dai na haddace ta, Yaya.”

“Hanya ka haddace. Ɗan da zai gilma da awaki fa, shi ma ka haddace shi?”

Kubra ta leƙo daga zaure, na yi mata alama da hannu ta koma.

Can ya ce, “In na sauka, ni wane ne a garin nan?”

“Bawana ne, kamar da. Wannan muƙamin ba ya buƙatar ido.”

Ya yi 'yar dariya, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya lalubo sifana, ya sake kwanciya ƙarƙashin motar. Na ce me kuma zai yi. Ya ce ba zai miƙa wa mutum mota da mataccen mai a cikinta ba, ko da Baballe ne.

Ni na riƙe masa daro. Ni na ce masa, “Wannan ne sabon,” ya zuba a hankali. Ya tayar da ita, ya kasa kunne har sautin ya gamshe shi, ya kashe. Ya aika Kubra ta kirawo Baballe.

Likitocin ido a Kano suka ce an makara. Ya yi shekara huɗu bayan nan, bai sake riƙe sitiyari ba. Allah Ya jiƙan Sammani, Ya haskaka masa kabarinsa.